Wa ya kalli shirin nan na Ingila kan ƙanjamau?

Maman Ummi, Tudun Wada: Jama'a, wa ya kalli It's a Sin, na tashar talabijin ta Channel 4, 2021? Labarin samari 'yan luwaɗi ne a Landan lokacin ɓullar ƙanjamau. Ni nas ce, yadda ake killace maras lafiya shi kaɗai a ɗaki ya sa ni hawaye.

Baban Sadiq, Kawo: Hajiya, ni kam ba zan kalla ba. Addini ya hana, dokar Najeriya ta 2014 ma ta haramta auren jinsi.

Ɗan Barnawa: Anti, na kalla. A Ingila ya sa jama'a tururuwa zuwa gwaji.

Maman Ummi: Alhaji, ba halastawa nake ba. Har gobe wasu sai sun rufe fuska suke zuwa karɓar magani wurinmu.