Gyambon hanji ya warke, amma murɗar ciki ba ta daina ba

Mai tambaya, daga Tahoua: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina fama da kumburin babban hanji, wanda likitocinmu ke kira rektokolit. Jinin ya tsaya, kuma binciken da aka yi mini a Yamai da na'urar leƙa hanji ya nuna gyambon ya warke, amma murɗar ciki da matsuwar zuwa bayan gida ba su rabu da ni ba. Ko akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali?

Malamar jinya, Yamai: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni cutar Crohn gare ni, ƴar uwar taka, wadda aka bayyana a New York a 1932, kuma na ɗanɗana abin da kake faɗa. Tushen cututtukan biyu shi ne garkuwar jiki ta juya tana yaƙar bangon hanji ba tare da tsayawa ba. To, a cikin wannan bangon akwai miliyoyin jijiyoyin saƙo masu tafiyar da motsin hanji, kuma idan kumburi ya daɗe, wasunsu kan lalace, wasu su yi kauri, wasu kuma su zama masu saurin jin zafi, har iskar da mai lafiya ba zai lura da ita ba ta hana ka barci. Saboda haka ciwonka na gaske ne ko da gyambon ya rufe. Ni da na kai kukana, sai likita ya sake gwajin bayan gida don tabbatar da kumburin bai dawo ba, sannan ya ƙara mini magani na daban saboda murɗar. Kada ka ajiye mesalazin, maganin kumburin hanji, da kanka.

Wata uwa, Tahoua: Ɗiyata ta daɗe tana shan Flagyl a kan atuni ne, tana ramewa, kafin a gano ashe kumburin hanji ne. Abin da ya fi tayar mata da ciwon shi ne diklofenak da ibuprofen na masu tallar magani, kuma likita ya hana ta su gaba ɗaya.

Dattijo, Yamai: Ɗana, nawa yakan tsananta ne duk lokacin da damuwa ta yi mini yawa, domin hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo. Ka riƙa rubuta abin da ka ci da lokacin da murɗar ta zo, ka tafi wa likita da takardar.