Jama'a me za mu kira cytokine da Hausa?

Salam 'yan uwa, dan Allah malaman Hausa da ma'aikatan lafiya ku matso. Ina ɗan rubutu ne kan abin da ke sa tumbi kasala lokacin ciwo, sai na zo kan kalmar cytokine, wato sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki ke saki don aika saƙo ga wasu ƙwayoyin, na tsaya cak.

Tumbi dai tsoka ce, tana matsewa tana saki wajen sau 3 a minti ɗaya, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke buga mata gangar, su ne aka sa wa sunan Cajal, masanin nan ɗan Sifaniya da ya samu Nobel a 1906. To in cuta ta shiga ko an yi tiyata an taɓa hanji sai sojojin jiki su saki cytokine irin su TNF da IL-1, su kuma su isar da saƙon da zai sa tsokar ta yi laƙwas, abinci ya zauna ya ƙi wucewa. Lokacin da aka yi wa yayata aiki nas sai zuwa take tana cewa "Hajiya kin fitar da iska?" mu muna ta ƙunshe dariya, ashe sai ta ji eh sannan za ta bari a ba ta ko ruwan shayi.

Wani ya ce min a kira shi sinadarin kumburi. Wlh bai kwanta min ba, kana ce wa Bahaushe kumburi a ciki wake zai tuna, kuma ai ba duka ne ke tada kumburin ba, IL-10 ma kwantar da shi yake.

Wata ta ce a bar shi saitokin kawai kamar yadda muka yi wa bitamin. A aji ba laifi, amma je ka faɗa wa Inna.

Na so in ce mai shela, sai na ga shi gari duka yake wa magana, hakan ya fi kama da homon, sinadarin da ke bin jini ya kai saƙo ko'ina a jiki, shi kuwa cytokine yawanci maƙota yake kai wa saƙo, katanga da katanga. Don haka ni na tsaya kan 'yan aiken garkuwar jiki, sai a raba su biyu, masu hura wuta da masu yayyafa ruwa.

Saura motility, motsin tumbi ya isa? Kar dai wanda ya ce murɗa, wannan sunan ciwo ne.