Tambaya kan duba injin jiragen tururi na farko da aka ƙera da sitil

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum masana. A rajistar Lloyd, wato littafin ƙungiyar Birtaniya mai duba jiragen ruwa tana ba su daraja, ta wajen 1885 nakan ga an rubuta wa jirgi 100A1, sannan a gefe a ƙara LMC da wata da shekara. Shin 100A1 ɗin bai haɗa da inji ba ne? Kuma me sufeto yake dubawa kafin ya sa hannu, tunda a lokacin ba a gama yarda da sitil ba?

Mai Guduma:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bai haɗa ba. 100A darajar gangar jirgi ce, lamba 1 ta ƙarshe kuwa ta anga da sarƙoƙi. LMC ita ce shaidar cewa injiniyan Lloyd ya duba inji da tukunyar tururi. Sai a 1874 suka ɗauki sufeton inji nasu na farko, William Parker. Idan ka ga ɗan gicciye a gaban alamar, to tun ana ƙera injin ake sa masa ido.

A wancan lokacin dubawar daga masana'antar ƙarfe take farawa. Ana yanko ɗan tsiri daga farantin da za a yi tukunya, a ja shi a na'ura har ya tsinke. Ana so ya jure tan 26 zuwa 30 a kowane murabba'in inci, ya kuma miƙe da kashi 20 cikin ɗari a tsawon inci 8. Wanda ya zarce tan 30 ba abin murna ba ne, taurinsa ya yi yawa, tsagewa zai yi. Sai gwajin lanƙwasa: a gasa tsiri ya yi ja, a tsoma a ruwa, a tanƙwara shi. In ya tsage, an ƙi farantin. Wanda ya ci gwajin sai a buga masa hatimi.

Bayan an haɗa tukunya, a cika ta da ruwa a matsa da famfo har ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi. Da ruwa ake yi don ruwa ba ya matsuwa. In wani wuri ya fashe, tsiyaya kawai za a gani. Daga nan a hura wuta, a daidaita bawul ɗin kariya a gaban sufeto.

Tsohon Makaniki:
Malam ya faɗi daidai, amma gwajin tsiri shi kaɗai ya sha yaudarar mutane. Tukwanen jirgin Livadia, wanda aka gina wa sarkin Rasha a Gilasgo a 1880, farantansu tsagewa suka yi har aka ƙi su. Sau da yawa a hannun maƙera matsalar take. Huda ramin ribit, wato ƙusar da ke haɗa faranti da faranti, da bugu yana taurara bakin ramin, ya bar ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Shi ya sa aka koma huda da diril, ko a sake gasa farantin gaba ɗaya a bar shi ya huce a hankali. Haka dukan sitil lokacin da ya huce daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, nan ne ya fi saurin karyewa. Maƙerin da ya saba da baƙin ƙarfe ba ya ganin laifin haka, don baƙin ƙarfe yana yafewa.

Kuma matsi sai hauhawa yake. Jirgin Aberdeen na 1881, mai inji da tururi ke bi ta silinda uku, da matsin fam 125 a kowane murabba'in inci yake aiki. Murhun tukunya mai santsi ba ya ɗaukar wannan sai an yi masa kauri, kauri kuma yana hana zafi ratsawa. Murhu mai ƙwarya-ƙwarya na Samson Fox, na 1877, shi ya warware wannan. Duk da haka idan man silinda ya biyo ruwa ya kwanta a saman murhu, ko ɓawon gishiri ya taru, ƙarfen yakan yi zafi ya lotsa ciki. Don haka sufeto yake shiga da ma'auni ya ga ko murhun yana nan a zagaye.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode ƙwarai. To watan da shekarar da ke bayan LMC fa?

Mai Guduma:
Lokacin duba na ƙarshe ke nan, don shaidar ba ta dindindin ba ce. A lokacin duk shekara huɗu ake babban duba: a buɗe silinda, a ciro fistan, a duba karanshaf da famfuna da bututun da ke shigo da ruwan teku. Tukunya kuwa a shekara huɗu, sai shida, daga nan kowace shekara. Inda ake zargin faranti ya sirance, a ƙwanƙwasa da guduma, a huda ɗan rami a auna kauri. In ya ragu, ba lallai a soke darajar ba, ana iya rage matsin da aka yarje wa tukunyar.

Shaf ɗin farfela, wato sandar da ke juya ta, a lokacin duk shekara biyu ake zarowa. Wurin dubawa shi ne bakin rigar tagulla da ke kansa, inda ruwan gishiri ke haɗa tagulla da ƙarfe ya ci rami a zagaye. A can yake karyewa, farfela ta tafi ƙasan teku. Jirgin fasinja kuma a lokacin yana da wani duban daban na hukumar kasuwancin Birtaniya, da nata lissafin kaurin tukunya.