Muhawara: An mayar da ɗaliban zayyanar kayan masana'antu masu ginin tukwane?

Ɗan aji uku: Assalamu alaikum. Na zaɓi wannan karatu ne domin in koyi yadda ake tsara kaya tun daga zane har zuwa samfurin da kamfani zai riƙa bugawa da yawa. Sai ga shi tanderun sashenmu ya lalace tun zangon da ya wuce, kayan da muka gina suna jere a kan katako har wasu sun tsattsage saboda bushewa, kuma yumɓu da sinadarin ƙyalli duk daga aljihunmu muke saye. An mayar da mu masu ginin tukwane kawai.

Tsohuwar ɗalibar tangaran: Ƙanena, ka janye wannan magana. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce, a shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Kai da kake raina tukunya, a jikin wane kuɗi aka buga hotonka?

Ɗalibin zanen kwamfuta: Yaya, ai misalinki ya ƙarfafa maganarsa ne, domin Ladi Kwali ba a jami'a ta koyi sana'arta ba. Idan tukunya ce manufa, me zai sa mutum ya shafe shekaru yana biyan kuɗin makaranta?

Tsohuwar ɗalibar tangaran: Ku da kuka ƙare a buga katin biki da fastar 'yan siyasa ba ku da bakin magana. Tayil ɗin da kake takawa, da tangaran ɗin da ke riƙe wayoyi a kan turakun lantarki, duk aikin fanninmu ne.

Malamar rini: Kullum ana manta da ɓangaren masaƙa, alhali a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana ƙarƙashin sashe ɗaya da tangaran da zanen kwamfuta. Tun da manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe, ɗalibanmu ne suka fi wahalar samun wurin sanin makamar aiki, amma ban ga wanda ya yi musu kuka ba.

Ɗalibin zanen kwamfuta: Malama, da girmamawa, marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, su je can.

Ɗan aji uku: Ni fa a kan tanderu nake magana.

Shugaban zaure: A matsayina na wanda ya kammala a fannin tangaran, ga abin da na fahimta. An amince cewa ginin tukwane shi ne tushen wannan karatu, kuma 'yan zanen kwamfuta sun kasa kawo hujja ko ɗaya. Ana buƙatar mai ƙorafi ya nemi afuwar maginan tukwane kafin a ba shi damar sake rubutu. Batun masaƙa kuma a buɗe masa zama na dabam.