Neman shawara: in fara biyan kuɗin wata na gem ɗin intanet, ko in haƙura?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema kafin in jefa kuɗina a rijiya. Ɗan ƙanin babana da ke karatu a Ingila ya kira ni ta bidiyo shekaranjiya, ya nuna min yana buga wani babban gem a wayarsa, irin wanda na san sai PS5 ko kwamfuta mai tsada ke ɗauka. Ya ce bai sauke komai ba. Gem ɗin yana gudana ne a kwamfutar kamfani can wani wuri, shi hoto kawai ake turo masa ta intanet, yana biyan kuɗi duk wata. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Laftof ɗina tsohuwa ce, ko ƙwallon 2019 na sa mata sai fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe. Amma ina da rauta ta 5G, kuma sabis yana da kyau a layinmu. Na ga ana ambaton Xbox Game Pass da GeForce NOW. Albashina ba wani babba ba ne, amma zan iya matse dubu talatin a wata in har abin ya cancanta. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya, kar a ji kunyata.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo maganar farashi, akwai abu biyu da tallar ba za ta gaya maka ba: nisa da data.

Ka fara gane me ke faruwa idan ka danna maɓalli. Umarnin zai bar hannunka, ya bi rauta, ya sauka Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya isa kwamfutar da ke Turai. Can za a buga ƙwallon, a ɗauki hoton abin da ya faru, a dawo maka da shi ta hanyar da ya bi. Haske a cikin irin wannan waya yana cin kilomita 200 ne a kowace milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wayar MainOne kaɗai, daga Legas zuwa Fotugal, ta kai kilomita 7,000. Zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, tun ba a lissafa Kano zuwa Legas ba, ba a lissafa Fotugal zuwa Landan ko Frankfurt ba, balle abin da rautarka da eriyar unguwa za su ci. Ita kuwa Nvidia, mai GeForce NOW, da bakinta ta ce jinkirin kada ya kai milisakan 80. Ka ga tun kafin a busa usur an cinye mu.

Mutane suna ruɗuwa da saurin 5G. Sauri daban, jinkiri daban. Tirela tana ɗaukar buhu ɗari shida, amma ba za ta mayar da Kano zuwa Legas tafiyar awa biyu ba. 5G ta faɗaɗa maka mota ne, hanyar tana nan yadda take.

Sai data. Nvidia ta ce hoto matsakaici na 720p yana buƙatar saurin intanet na Mbps 15, wato megabit 15 a daƙiƙa, na 1080p da ya fi shi kyau kuma 25. Ɗauki biro. Idan ya ja Mbps 15 cur na awa guda, gigabait 6.75 ya tafi. A 25 kuwa ya haura gigabait 11. Ko mu ce ba kullum yake jan hakan ba, mu bar shi a biyar. Awa biyu kullum, gigabait 300 a wata. Je ka duba nawa ake sayar da wannan yanzu, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Wancan shi ne ainihin kuɗin watan, na gem ɗin ladan gaɓe ne.

Ɗan Kurna: Yallaɓai ka kashe min jiki. To amma na ji ana cewa akwai kwamfutocinsu a Afirka.

Injiniya: An buɗe na GeForce NOW a Afirka ta Kudu a 2023, ta hannun kamfanin Rain, don mutanen can. Johannesburg ba ta fi mana Landan kusa ba ai. Na Xbox kuwa Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka buɗe wa buga gem ta intanet, sai dai mutum ya ɓuya bayan VPN, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa yake, shi kuma VPN wani zagaye ne a kan zagaye.

Bakatsine: Ni na gwada, bari in ba ka labari da idona. Na biya wata guda a ɗaya daga cikinsu, da VPN da komai, na zauna da daddare na ɗauko hannun gem. Hoton farko da ya fito sai da na yi kabbara, ciyawar filin kamar in taɓa. Ana take wasa na ga abin da ake nufi. In danna fasin, ɗan wasana ya ƙara taku biyu tukuna ya saki ƙwallo, kafin nan an ƙwace. Fanareti kuwa kamar kana aika saƙo ta hannun direban mota. Wajen ƙarfe tara, lokacin da kowa a unguwa ya hau kallon bidiyo, sai fuskokin 'yan wasa su narke su koma kamar kunun gyaɗa. Ƙanena da ke gefe ya ce, "Yaya, wai ruwa ake yi a filin?"

Gaskiya ɗaya zan faɗa: gem ɗin da ba na gaggawa ba, irin na gina gari ko wanda ake bin labari a hankali, ya yi daidai, musamman bayan Asuba. Amma ni ba don gina gari na biya ba. Kwana tara data ta da na saba kaiwa ƙarshen wata da ita ta ce ga garinku.

Na Manchester: Bari in kare ɗan'uwanka, domin bai yi maka ƙarya ba. Nan abin yana aiki sosai. Intanet ɗin gidana ta wayar da aka jawo har cikin gida ce, ba a ƙirga min data, jinkirina bai cika wuce milisakan 20 ba. A bas ma nakan buga. Amma ko mu nan da muke kusa da gindin murhu, sai mun yi lissafi.

Ka lura, abubuwan biyu da ka ambata ba iri ɗaya ba ne. GeForce NOW kwamfuta kawai suke ba ka haya, gem ɗin kai za ka saya a shagunan gem na intanet irin su Steam ko Epic, sai dai irin su Fortnite da dama kyauta ne. Suna da matakin kyauta mai zaman awa ɗaya da bin layi, sannan masu biya an yanka musu awa 100 a wata. Shi Game Pass kamar ɗakin karatu yake, ɗaruruwan gem a ciki, ka ɗauki wanda ka ga dama muddin kana biya. Kusan kowane wata ana shigo da wasu, ana fitar da wasu. Ranar da ka daina biya kuma, ƙofa ta rufe, ba ka fita da ko tsinke.

Kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya. A Oktoban 2025 Microsoft, mai Xbox, ta ɗaga matakin Ultimate na Game Pass daga dala 19.99 zuwa 29.99 a tashi guda. Ka ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, dubu arba'in da biyar ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi a gida dubu saba'in ne. Ka duba farashin ranar da za ka biya, kar ka dogara da wanda wani ya gaya maka bara.

Dabarata ita ce ba na barin shi ya yi ta tafiya. Da Call of Duty: Black Ops 6 ya fito a Oktoban 2024, dala 70 ake sayar da shi, amma yana cikin Game Pass tun ranar farko. Na biya wata guda, na gama labarinsa, na ƙara da wasu biyu, na kashe. A haka riba ce ƙarara. Wanda kuwa gem ɗaya yake bugawa shekara zagaye, ƙwallo yau ƙwallo gobe, gara ya saya kawai ya huta. Kai wane iri ne?

Ɗan Kurna: Ni kam ƙwallo ce, sai ɗan harbi jefi-jefi.

Na Manchester: To ka amsa wa kanka rabin tambayar. Waɗannan biyun su ne suka fi kowane gem ƙin jinkiri.

Ɗan Abuja: Ku dai kun cika tsoratar da yaro. Starlink fa, intanet ɗin tauraron ɗan'adam? Tun Janairun 2023 ta shigo Najeriya, mu ne farko a Afirka. Ya sa ta, ba ruwansa da ƙirgen data.

Injiniya: Ta rage masa ciwon kan data, na yarda. Amma tauraron ba ya ɗauke da kwamfutar gem a cikinsa, dole saƙon ya sauko ƙasa ya nemi hanyar Turai. Sannan mutumin da ya ce dubu talatin zai iya matsewa, kai kana aika shi sayen faranti da biyan wani kuɗin watan. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas.

Ɗan Abuja: Ni dai a wurina yana tafiya.

Bakatsine: Wane gem kake bugawa?

Ɗan Abuja: Na tuƙin tirela.

Bakatsine: Allah ya kai ka lafiya, direba.

Yaya Babba: Ni ban san komai a harkar gem ba, amma na san harkar kati. Ƙanena ya karɓi katina ya ce gwajin wata ɗaya ne a farashi mai rahusa. Ya buga kwana uku ya watsar, ya koma makaranta. Sai da aka yi wata huɗu ana zarar kuɗi a asusuna, kuma ba a farashin gwaji ba, kafin na gane ko mene ne, don sunan da ke fitowa a saƙon banki ban san shi ba. Da na kira shi ya ce wallahi ya manta kalmar sirrin. In dai za ka yi, ƙanena, ranar da ka biya, a ranar ka shiga ka kashe sabuntawar kai tsaye, watanka ba zai ragu ba. Ko kuma ka sayi katin kyauta na wata guda, in ya ƙare ya ƙare. Kuma don Allah da katinka, ba na 'yar'uwarka ba.

Mai Gidan Gem: Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, talabijin shida nake da su. Da wannan abu yana aiki a nan, da ni ne na farko da zan sayar da injinana in huta da gyara. Kun manta Stadia, wani gem ɗin intanet irin wannan? Google ce fa da kanta, ta buɗe a Nuwamban 2019, ta rufe a Janairun 2023. Ta mayar wa mutane kuɗin gem da na kayan da suka saya, wannan ta kyauta, amma wanda ya saba da wurin sai da ya nemi wani. PS2 ɗina na farko kuwa har yau yana nan a ƙarƙashin kanta, in na jona shi zai tashi.

Shawarata, ɗana, dubu talatin ɗin nan ka riƙa ajiye ta. Ka ƙara da abin da data za ta ci. Cikin 'yan watanni ka shiga kasuwar Beirut ka ɗauki PS4 na hannu mai lafiya da hannu biyu. Ba ruwanka da sabis, in an ɗauke wuta ƙaramin inbata ya riƙe shi da talabijin. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku suka katse ta wajen Kodebuwa, bankuna ma sun sha wuya, amma shagona a cike yake, yara suna ta ihu. Kuma ranar da ka gaji ko buƙata ta taso, ka sayar ka mayar da wani abu. Wa zai sayi watan da ka riga ka biya?

Ban ce babu daɗi a abin nasu ba. Ni ma ina sha'awar sababbin gem da PS4 ba ya ɗauka. Sai dai ƙwallo daɗinta a ga fuskar wanda aka ci.

Injiniya: Kar ma ka ɗauki maganar kowa a cikinmu, gwaji kyauta ne. Buɗe Speedtest, manhajar gwajin intanet, canza wurin gwajin daga Najeriya zuwa Landan, ka dubi lambar ping, wato ta jinkiri, ba ta sauri ba. Ka yi sau uku: da safe, da la'asar, da ƙarfe tara na dare. In ta tsaya ƙasa da 80, zo ka ƙaryata ni a gaban kowa.

Ɗan Kurna: Na dawo. Da safe 128, da la'asar 141, da daddare ta yi ta tsalle tsakanin 160 da 210. Saurin kuwa ya haura Mbps 200, shi ya sa na ɗauka na gama da duniya. Na tura wa ɗan'uwan nawa hoton, ya turo min nasa, 14, da alamar dariya. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Babba, Allah ya huci zuciyarki. Baba Mai Gidan Gem, na fara tari daga albashin nan. In lokacin ya yi, me zan duba kar a sayar min da gawa?

Mai Gidan Gem: Kar ka yarda da gwajin minti biyu. Ka sa a kunna maka gem mai nauyi ya yi rabin awa, ka kasa kunne ga fanka, ka taɓa bayansa ka ji zafi. Ka dubi tambarin da ke kan sukurorin baya, in an ɓare to an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi dalili. Ka sa faifai ka ga yana ja yana fitarwa. Hannun kuma ka ajiye shi a kan tebur ana cikin wasa, in ɗan wasa ya kama tafiya shi kaɗai, a canza maka. Ka je da safe kafin kasuwa ta cika, kuma ka yi min magana tun ana gobe, in ina da sarari in raka ka.