Lup ɗina ya ƙi tsayawa, alhali na sa i++

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Sati uku ke nan da na fara koyon Java, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Jiya na rubuta lup na while (umarnin da ke maimaita aiki muddin sharaɗinsa na nan) don ya buga sunaye biyar da ke cikin jeri. Na fara da i = 0, sharaɗin i < 5, a ƙasa na sa i = i++. Ina kunnawa sai sunan farko ya dinga zubowa ba ƙaƙƙautawa, har fankar kwamfutar ta fara kuka, dole na kashe shi da ƙarfin tsiya. Na cire layin na koma jeri[++i], sai ya tsallake sunan farko, a ƙarshe ya watso min jan rubutun kuskure. Ina na kuskure?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, wannan ramin ba wanda bai faɗa ba. Shi i++ aiki biyu yake yi: ya miƙo tsohuwar lambar, sannan ya ƙara ɗaya. To da ka rubuta i = i++, ya riƙe 0 a hannu, ya mai da i ya zama 1, sai alamar = ta dawo da 0 ɗin ta danne. Kullum kana kan 0, yaushe za ka kai 5? Rubuta i++ shi kaɗai a layinsa.

Shi kuwa ++i ƙarin yake fara yi kafin ya miƙo. Shi ya sa ka fara daga gurbi na 1, ka ƙare a na 5. Jeri mai abu biyar kuma daga 0 zuwa 4 yake, na 5 babu shi.

'Yar Lissafi: Ka ma gode Allah Java ce, ta tsaya ta yi maka tsawa. Da yaren C ne, yana iya karanto maka duk shirmen da ke gaba a ƙwaƙwalwar na'ura, ya wuce abinsa shiru. Shawarata, ɗauki biro da takarda, ka rubuta darajar i a kowane zagaye da hannunka. Kuma koma lup na for.

Mai Gaggawa: A for ɗin ma sa ++i, ya fi sauri.

Tsohon Hannu: Malam, kar ka rikita yaro. A kan lamba zalla, i++ da ++i a kan for sakamako ɗaya ne, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara wa na'ura abin da ka rubuta, ta san aikinta. Zancen sauri sai a C++, wajen abubuwa masu nauyi da sai an kwafe su. In kuma ka je Python ba a san ++ ba: i++ kuskure ne, ++i kuma ya wuce bai ƙara komai ba. Can i += 1 ake yi.

Sabon Shiga: Alhamdulillah, biyar ɗin sun fito cif! Amma da na buga i bayan while ɗin sai na ga 5, ba 4 ba.

'Yar Lissafi: Ai 5 ɗin ce ta karya sharaɗin. Da bai kai ta ba, da har yanzu fankarka na kuka.