Ina son karatun aikin laburare, Baba ya ce aikin gadi ne

Yar Zariya: Salama alaikum yayyena. Bana na samu bak, kuma tun ina kwaleji ni mai son karatu ce, ina so in tahi Yamai makarantar ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, in yi fannin adana littattafai da takardu. Baba ya ce a'a, wai wannan aikin tsofaffin malamai ne da suka gaji da alli, gara in yi lakwal ɗin lahiya nan Maradi. Don Allah wanda ya yi aikin ya gaya mani yadda yake, nawa zaman Yamai ke ci, kuma ana samun aiki bayan an gama?

Dan Mokoyo: Ki yi likita kawai ƙanwata, allura ba ta kwantai.

Mai Shayi: Kafin a ɗauke ki sai kin sayi tabarau mai igiya kuma ki koyi cewa shiiit 😂 ni duk mai laburaren da na sani barci yake, in ka tashe shi ya ce littahin an are shi.

Tsohon Mushe: Ɗiyata saurara. Ni na yi wannan karatu a EBAD ta Dakar, cikin jami'ar Cheikh Anta Diop, kuma karatu ne na gaske. An koya mamu tsarin Dewey, yadda ake kasa ilimi gida goma daga 000 har 900, addini 200, tarihi 900, ka ba littahi lamba ta yadda ko cikin dubu ashirin ne yaro zai sa hannu ya ɗauko. Na dawo da zumuɗi aka tura ni wata makaranta, ba zan faɗi suna ba. Da aka buɗe mani ɗakin, buhunan siminti ne da karyayyun tebura, littattafan suna cikin kwali a ƙasa, na ɗaga kwalin farko gindinsa ya zube, gara ta cinye tun daga bango har tsakiya, ƙamus guda ya koma ƙasa ja. Na share, na nemo kanta, na rubuta kati ɗaya bayan ɗaya da hannuna, yara suka fara zuwa har lokacin hutun ƙarfe goma ba wurin zama. Sai aka canza darakta, sabon ya ce ɗakin ya yi ma littattafai girma, ya mayar da shi ofishinsa, ni kuma ya ba ni rajistar masu makara in tsaya bakin ƙofa. Da takardata ta Dakar! Babanki bai yi ƙarya ba, haka suke kallonmu.

Maman Biyu: Allah sarki Malam, wannan cin fuska ne. Amma ba ko'ina ba ne. Ni ajiyar takardu nike a wani ofis, kuma wallahi ina son aikina. Wani dattijo ya zo daga ƙauye ana shirin ƙwace gonarsa, na shiga cikin tsofaffin fayil na hiddo takardar da sunan ubansa, ya zauna ƙasa yana kuka. Yanzu kuma aikin ya koma kwamfuta, akwai manhajojin laburare irin su PMB da Koha, ana sikanin takardu, ƙungiyoyi na neman wanda ya iya. Je ki ga rubuce-rubucen ajami da na larabci da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, masu kula da su ba 'yan gadi ba ne.

Yar Zariya: Na gode Anti. To maganar kuɗin hwa?

Dan Bagalam: Ƙanena na Yamai, jika 40 nike tura mashi duk wata, ɗaki da abinci, yana isa.

Hajiyar Ali Dan Sofo: Jika 40 a Yamai? Sai dai in gari da ƙuli yake sha. Tawa ɗiyar jika 90 kuma kullum tana kira kuɗin taksi sun ƙare. Mace ba ta zama ɗakin mutum shida kamar namiji.

Dan Bagalam: Hajiya taki ɗiyar shawarma take ci.

Na Jibiya: Ku bar Yamai, ta ƙetara Zariya ko Kano, ABU da Bayero duk suna da sashen laburare, da canjin naira ma ya hi sauƙi.

Tsohon Mushe: Da wane turancin Ingilishi? Yarinya ta yi bak da faransanci. Ku da ba ku taɓa riƙe rajistar aro ba ku bar ba da shawara.

Dan Mokoyo: To Malam kai da ka riƙe ai bakin ƙofa ka ƙare, shawarar wa za a bi kenan?

Maman Biyu: Haba, ka girmama furfura mana.

Mai Shayi: Ni tambayata, wa ke karatu yanzu? Kowa na TikTok.

Maman Biyu: Lokacin jarabawa ka leƙa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ka gani ko ana karatu. Yaran da gidansu ba wuta ba tebur ina kake so su zauna?

Tsohon Mushe: Ana karatu, mayarwa ce ba a yi. Kuma ba yara ba, manya. Malami ɗan uwanka zai ɗauki littahi ya ce gobe, shekara ta zagayo ka je gidansa ka tarar an yage bango ana ƙunsa ƙosai da shafukan.

Hajiyar Ali Dan Sofo: Wannan ciwon ya taɓa ni. Wata maƙwabciya ta ari littattafan hausa na Kano guda bakwai wurina, na ɗaya da na biyu ta maido, na ukun da ƙarshen labarin ke ciki wai ta ba ƙanwar mijinta ta tahi da shi Tasawa. In na tambaya sai ta ce haba Hajiya, a kan takarda?

Dan Bagalam: Gara ke littahi ne, ni cajata aka ara tun azumi.

Yar Zariya: Yayye don Allah, har yanzu ba wanda ya ce mani ko ana buɗa kwankur ɗin ɗaukar ma'aikata a wannan fanni.

Hajiyar Ali Dan Sofo: Kuma maƙwabciyar tawa tana cikin nan tana karantawa, ta san kanta. Ki aiko mani na ukun kafin Juma'a.